Carbin yatsa na sefa 500 da na saya a babbar kasuwar Garwa ta Kamaru, wata biyar ina ƙirga fushina da shi

Salamu alaikum jama'a. Tun kwanaki mutane ke tambayata wai mene ne wannan jan abun da kullum yake maƙale a yatsana, har wani abokina mai sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya na bakin titi, a hanyar Gashiga yana min tsiya wai dare ɗaya na zama ustaz, to yau kuran, wato wutar lantarki, ya zauna kuma shago babu cunkoso, bari in rubuta abin da na gani game da shi, daɗinsa da rashin daɗinsa, tunda wata biyar kenan yana hannuna kuma wannan ma na biyu ne, na farkon ya mutu tun a sati na shida, zan zo kan wannan.

Carbi ne na batir irin wanda ake ɗaurawa a yatsa, wasu na ce masa kanta, duk mai shiga masallaci ya san shi. Ɗan mitsitsin abu ne bai kai girman goro ba, roba ce gaba ɗayansa, da ɗan gilashi a sama mai nuna lamba, da maɓalli babba da kake dannawa da babban yatsa, da wani ƙarami a gefe na goge lissafi a koma sifili. Gurbin lambobinsa biyar ne, wato zai ƙirga maka har 99999. In ka bar shi ɗan lokaci ba ka taɓa ba gilashin sai ya mutu don kar batir ya ƙare, amma ba ya manta inda ka tsaya, kana dannawa zai farka da lambarka. Ɗan China ne, babu sunan kamfani a jikinsa, ko a ledar ma babu. A layin masu turare da huluna da littattafan addini na same shi, mutumin ya fara ce min 1000, na ce haba Malam ai ba daga Makka ka kawo shi ba, muka tsaya a 500, dala ɗari kenan a lissafinmu na gida. Daga baya na ga yara na yawo da shi a tire ranar Lahadi a kasuwar Pitowa ƙasa da haka ma, amma ba komai, rabonsa ne ya ci.

Sai dai ni ba don tasbihi na saye shi ba, carbina na katako yana nan. Ina da ɗan shago a Rumde Ajiya ba nisa da filin ƙwallo, ina sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi da folere, wato zoɓo, da kindirmo, firiza biyu su ne jarina kaf. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san me nake nufi, zafi ya haura 40, iskar kanta kamar daga bakin tanderu take fitowa, kuma daidai lokacin ne ruwan Lagdo ke ja baya. Wutar arewa tun daga Ngaundare har Marwa da wannan dam ɗin na kan Binuwai ta dogara tun da aka gama shi a 1982, inji huɗu ne, megawat 72 in ruwa ya cika, in damina ba ta yi kyau ba kuwa sai a shiga rabon wuta unguwa unguwa. Da aka kafa na hasken rana a Gidar da Marwa abun ya ɗan yi sauƙi, amma shi mai ƙanƙara awa biyar ma in aka ɗauke ya shiga uku. Ga azumin 2025 a cikin Maris ya faɗo cur.

A goman ƙarshe akwai ranar da aka ɗauke kuran tun bayan sahur bai dawo ba sai bayan la'asar, ƙanƙarar da na ɗaura ta zama ruwa, kindirmo roba biyu ya yi tsami, ga mutane sun yi layi suna neman na buɗa baki ina ta ba su haƙuri. Yaron da ke taya ni a shago, ɗan yayata ne, shekararsa 14, shi ma da azumi a bakinsa, ya ba wata mata canji ya yi kuskuren sefa 100. Ɗari ɗaya fa jama'a. Wallahi abin da na faɗa wa yaron nan a gaban mutane ba zan iya rubutawa a nan ba, har da cewa ba shi da amfani, har da gorin abinci. Bai ce komai ba, ya sunkuyar da kai yana ta goge murfin firiza da tsumma alhali babu abin gogewa. Baffana, ƙanin mahaifinmu, yana zaune kan benci a ƙofar shago yana jiran a kira salla, shi ma bai ce uffan ba.

Sai bayan salla da kwana uku da na je gaishe shi, muna shan shayi ya ce "ɗana, a rana sau nawa kake fushi?" Na ce "Baffa ai ni ba mai fushi ba ne, sai dai in an taɓo ni." Ya yi dariya har da tari ya ce "to wa ka taɓa gani ya yi fushi ba a taɓo shi ba?" Ya ce kai ɗan kasuwa ne, yanzu in na tambaye ka ledar ƙanƙara nawa ke cikin firizarka za ka faɗa min ba tare da ka buɗe ba, amma abin da ke fita daga bakinka ba ka da lissafinsa. Ya ce in dinga jefa ƙwallon dabino ɗaya a aljihu duk sanda raina ya ɓaci, da dare in zazzage in ƙirga. Na gwada kwana biyu abun bai yiwu ba, ina zan laluɓo ƙwallon dabino ina kan moto, ga maman yara ta zo wanki ta tarar da aljihun riga cike da tururuwa ta ce "Malam wannan kuma wane sabon laƙani ne?" Shi ne ranar da na shiga kasuwa sayen leda na hango carbin nan a rataye, na ce yawwa ga ƙwallon dabinon zamani.

Ƙa'idar da na sa wa kaina mai sauƙi ce. Duk sanda na ji zuciyata ta taso, ko na yi magana ko ban yi ba, ko tsaki ne kawai, danna ɗaya. Da dare kafin in rufe shago in buɗe bayan kaye, wato littafin da nake rubuta bashi, in rubuta lambar da abin da na tuna ya jawo, sannan in goge. Kafin in fara na ce a raina iyaka in samu huɗu ko biyar. Ranar farko 23 na gani. Na ɗauka maɓallin ne ke ƙirga biyu biyu, har na zauna na danna sau 10 ina zuba masa ido don in kama shi da laifi, lafiyarsa ƙalau. Washegari 19, sai 26 ranar da aka wuni babu wuta.

Kuma in ka duba kayen nan babu wani babban abu a ciki. Canji ne sarki, mutum zai sayi ruwan 50 da sassafe ya miƙo maka takardar 5000 yana kallonka kamar kai ke buga kuɗin, an fito da sabbin sulalla a watan Afrilun 2025 har da na 200 amma mu dai har yanzu da alawa da ashana muke cike gurbi. Sai rezo, wato netiwok ɗin waya, ka tura kuɗi ya maƙale, kai an cire maka shi kuma bai gani ba. Sai 'yan kilando, wato masu acaɓa, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa ya yi tsada kuɗin moto ya tashi, yanzu kowane ciniki rigima ne, su ma ba laifinsu ba ne amma a lokacin wa yake tuna wannan. Sai yaran da za su buɗe firiza su tsaya suna zaɓe sanyi na fita. Shikenan fa, waɗannan su ne maƙiyan nawa.

A sati na biyu na fara rubuta lokaci a gefe, a nan na ga abun mamaki, fushina ashe yana da lokacinsa kamar salla. Da safe har wajen ƙarfe 11 da wuya in wuce biyu ko uku. Daga azahar zuwa la'asar lambar ke gudu, sai kuma bayan magariba in na koma gida. Ranar da na kwana babu fanka ina juyi a tabarma a tsakar gida, washegari sai ta kusa ninkawa. Ranar da na fito da shayi kawai a cikina ban karya da komai ba haka nan. Abu iri ɗaya, mutum ya miƙo 2000 a kan ruwan 50, da ƙarfe 9 dariya nake yi in ce je ka ka kawo anjima, da ƙarfe 2 kuma sai in ji kamar uwata ya zaga. To mutumin bai canza ba, kuɗin bai canza ba, saura wa?

Amma abin da ya fi min ciwo shi ne da na duba a kan wa nake saukewa. Akwai wani Alhaji da nake bi 18000 na ƙanƙarar bikin 'yarsa tun kafin azumi, duk ranar da ya wuce a mota zuciyata sai ta yi baƙi, ina danna carbi har sau biyu, amma da bakina cewa nake "ranka ya daɗe an wuni lafiya, ya iyali", har da ɗan rusunawa. Bayan minti biyar yaron shago zai zubar da folere rabin kofi, shi zai sha abin da Alhaji ya dafa. Mai gidan haya ya min maganar da ba ta da daɗi na haɗiye, na koma gida na tarar gishiri ya ɗan yi yawa a miya, maman yara ta kwashi rabonta. Na bi shafi bakwai ɗaya bayan ɗaya ina duba sunayen, duk wanda na ɗaga wa murya wanda ba zai iya ramawa ba ne, babu ko ɗaya da ya fi ni ƙarfi ko kuɗi. Haushin kaza huce kan dami kenan, mun sha faɗinsa a kan wasu, ban taɓa tsammanin da rubutun hannuna zan ga nawa ba. Kuma wannan ya rushe min maganar da na daɗe ina kare kaina da ita, wai ni in zuciya ta ciwo ni ba na iya riƙewa. Ƙarya ne, ina iyawa sarai, a gaban Alhaji ai riƙewa nake. Zaɓar wurin saki nake yi.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Da safe na kira yaron bayan shago na ce ya yafe min maganar azumi, bakina har rawa yake don ban saba ba. Ya ce "ba komai Kawu, ni na ma manta." Na san bai manta ba, don har yau in na ɗan ɗaga murya ina kiransa sai ka ga ya zabura ya laluɓo tsumma.

To ta yaya ɗan robar 500 ke taimako? Ni dai abin da na lura, kafin ka danna dole ka fara ganewa cewa abun ya zo, kuma wannan ganewar ita ce duk aikin. Da can sai bayan na gama zazzaga nake sanin na yi fushi. Da na fara dannawa sai na koma ina kama shi a tsakiya, bayan kamar wata guda kuma tun yana ƙofa. Na gane alamominsa a jikina, ni haƙora nake fara cijewa, sai ƙeyata ta ɗau zafi, sai numfashi ya gajarce. Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da ke sayen ƙanƙara a wurina kullum, ta ga abun ta tambaya na faɗa mata, ta ce ai jiki in ya ji barazana yana sakin wani sinadari adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, tsoka ta ɗaure, shirin faɗa ko gudu kenan, kuma jikin bai san bambancin ɓarawo da mai neman canji ba. Ta ce in na danna in ja numfashi ta hanci in sake shi a hankali ya fi na shaƙa tsawo, sau uku ko huɗu, don fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Na gwada, yana aiki, ba kamar an zuba wa wuta ruwa ba, kamar dai an zare itace ɗaya daga murhu.

Abun kunya kuma duk wannan muna da shi a gida tun muna yara. A Islamiyya mun haddace hadisi na 16 a Arba'una, wani ya ce wa Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya yi masa wasiyya ya ce kar ka yi fushi, ya sake tambaya ya sake maimaita masa. Mun san an ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, mun san an ce in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa, ka nemi tsari daga shaiɗan, ka yi shiru. Na iya su tsaf, zan ma iya yi wa wani wa'azi da su, amma a daidai lokacin da ake buƙatarsu ba sa zuwa, sai an gama ɓarna su iso kamar motar kashe gobara. Danna carbin nan shi ke buɗe musu ƙofa. Yanzu na ajiye wata 'yar kujera a bayan firiza, in na danna kuma na ji abun bai sauka ba sai in zauna, ko da mutum yana tsaye yana jira, in ce ina zuwa.

A kan wannan kujerar na fara tambayar kaina wai takamaimai me ya ɓata maka rai. Sau da yawa in na tona sai in tarar ba fushi ne a ƙasa ba, tsoro ne. In aka ɗauke wuta ina zage-zage, gaskiyar maganar zubin adashin ranar Juma'a nake tunani da yadda zan kalli uwar adashi in ce babu. In maman yara ta ce shinkafa ta ƙare na hau faɗa wai ba a tattali, kunya ce nake ji ta cewa aljihu babu komai, faɗan ya fi min sauƙi da in ce ba ni da shi. Ranar da na iya buɗe baki na ce mata yau ba ni da shi ki yi haƙuri zuwa gobe, cewa kawai ta yi "to Allah ya hore", ta dama kunu, magana ta ƙare. Shekara nawa ina tada jijiyar wuya a kan abin da kalma huɗu ke kashewa.

Yanzu bari in zo kan aibin kayan, don wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na farko wannan maɓallin gogewa, wanda ya ƙera shi Allah ya shirye shi, ya sa shi daf da na ƙirga kuma a tsaye yake ba a lotse ba. Kana riƙe kan moto ko kana ɗaga buhun ruwa sai ya dannu da kansa lissafin wuni ya tafi. Akwai ranar da na kai la'asar da 3 kacal ina ta murna, na duba na ga sifili, na ja wani uban tsaki na ce wannan wane irin banzan abu ne, sai na tsaya na kalle shi, na danna masa 1. Yaron shago har ya faɗi don dariya. Na biyu igiyar robar, da zafi da gumi tana sa yatsa ƙaiƙayi ta bar farin shati, kuma ramin da nake sawa ya fara tsagewa tun a wata na farko. Na uku ba ya son ruwa ko kaɗan. Na farkon nan alwala ce ta kashe shi, na manta ban cire ba, gilashin ya yi hazo, lambobin suka koma rabi rabi, na shanya a rana na sa a cikin shinkafa duk a banza. Ga ni mai sana'ar ruwa da ƙanƙara, hannuna kullum a jiƙe, shi ya sa na biyun na mayar da shi hannun hagu. Sannan nawa ba shi da fitila, in an ɗauke wuta da dare sai ka haska da waya kafin ka ga lamba, akwai masu fitila sun ɗan fi tsada, da na sani su zan ɗauka. Batir dai ban ga laifinsa ba, irin na agogon hannu ne, wata uku da rabi kenan na biyun bai nuna gajiya ba, in ya ƙare masu gyaran agogo suna canzawa.

Sai aibin da ba na kayan ba, nawa ne. Mutum yana iya yi wa kansa maguɗi, wallahi na kama kaina ina cewa ai wannan ba fushi ba ne gyara ne nake masa, don kar lambar ta hau. Akwai kuma lokacin da lambar ta sauko na fara jin kaina, ina nuna wa mutane a majalisa kun ga yau huɗu kawai, har ina kallon masu faɗa a titi ina girgiza kai kamar wani waliyyi, laifi tudu ne dai. Ba a yi sati ba wani ɗan kilando ya watsa min ruwan kwata a farar shadda ranar Juma'a wajen gadar Binuwai, na bi shi da gudu ina zagi mutane na ba ni haƙuri, carbin yana yatsana ko tunawa da shi ban yi ba sai da na dawo gida ina cire riga. Mafi muni kuma a wata na biyu na koma haɗiye komai, ba na faɗa amma ba na magana, in shigo gida fuska a murtuke in ci abinci in kwanta. Maman yara ta ce "Malam gara faɗanka da wannan shirun, faɗa dai an san ranar ƙarewarsa." Gaskiyarta. Haɗiye abu daban, hucewa daban, shi carbin ba ya bambance su, lamba kawai ya sani.

Kuma wasu abubuwan ba ƙirgawa suke so ba, gyara suke so. Da na ga canji kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na shafin, na shirya da wani mai shayi da wani yaro mai wankin moto, duk yamma ina karɓar sulallansu in ba su takarda, na tara a gwangwanin madara. Na sayi tsohuwar gilasiya babba, wato kula mai riƙe sanyi, a hannun wata mai kifi, in wuta ta tafi in kwashe ƙanƙara a ciki in rufe da buhu. Na daina fita ban karya ba ko da ƙosai ne da kunu. Alhaji kuma na shirya na je har gida, na gaishe shi da ladabi na ce ranka ya daɗe maganar kuɗin ƙanƙara ce, ya ba ni 10000 a take ya ce wallahi mantawa ya yi, saura 8000 har yau muna kai, amma yanzu in ya wuce ba na dannawa.

Wani zai ce me ya sa za ka ɗauki abun zikiri kana ƙirga fushi da shi. An faɗa min wannan a masallacin unguwa, wani kuma ya ce shi carbin ma gaba ɗaya bai yarda da shi ba a yatsu ake ƙirgawa, ni ba malami ba ne ba zan shiga wannan ba, kowa ya bi malaminsa. Abin da zan ce kawai kar ka haɗa lissafi biyu a abu ɗaya. Na taɓa yin istigfari da shi bayan asuba na manta ban goge ba, da dare na ga 112 gabana ya faɗi na ce yau kuma me na zama.

Wanda zai saya, ka danna shi a gaban mai kayan kamar sau 20 kana kallo, wasu suna tsallake lamba wasu maɓallin na maƙalewa. Ka nemi wanda maɓallin gogewarsa ya lotsa ciki ko sai an riƙe shi kafin ya goge. Ka juya bayansa ka ga akwai noti, in a manne yake batir na ƙarewa sai shara. Ka ja igiyar ka gani. Akwai wasu masu kama da zobe da ake haɗawa da waya suna girgiza in ka kai 33, kuɗinsu ya ninka wannan nesa ba kusa ba, don wannan aikin dai ba ka buƙatarsu. Kaye da biro sun fi carbin muhimmanci ma, in ba ka rubutawa lambar banza ce. Sannan wanda fushinsa ya kai yana ɗaga hannu a kan matarsa ko yaransa, ko ba ya barci, ko kansa na sarawa kullum, wannan ba maganar robar 500 ba ce, ya je asibiti a auna jininsa ya kuma samu babban da yake jin nauyi su zauna. In maki ne, a ƙira da ƙarko 2 cikin 5 zan ba shi, a aikin da ya min kuwa ko 5000 aka ce zan biya.

Yanzu da damina ta sauka gari ya yi sanyi ina samun 5, 6, wani lokacin 4, amma ba na ruɗin kaina, jarrabawar tana Maris mai zuwa. Satin da ya wuce maman yara ta ce in sayo mata nata, na ji daɗi na ce alhamdulillahi ita ma za ta fara duba kanta, na sayo mata kore har da mai fitila. Daren farko na ce to nawa kika samu, ta ce 9. Na ce kai, ke da ba ki da hayaniya? Ta ce "a'a Malam, naka nake ƙirgawa." Na duba yatsana 4 ne, kuma ita awa uku kawai ta gan ni a ranar. Mun zauna mun bi su ɗaya bayan ɗaya, na amince da biyu, uku muna jayayya har yanzu, wai har yadda na ajiye buta ta sa a lissafi.